Yadda ake ɗura harsashin dalma mai laushi na libarba ba tare da dalma ta kama bututu ba

Ranar da na fara harba harsashin da na ɗura da hannuna, a wani filin harbi da ke bayan garin da nake zaune a jihar Ohayo ta Amurka, goma sha biyun farko sun taru wuri guda a takarda, har na fara jin kaina. Kafin in kai na hamsin sun soma warwatsuwa kamar an watsa wa kaji tsaba. Da na koma gida na haska tocila cikin bututun, sai na tarar incin farko ya shafe da wani abu toka-toka kamar an yi masa yaɓe, tsagar ciki ma ba a ganinta. Na yi abin da kowane sabon shiga yake yi, na ce dalmar ce ta cika laushi, na sayo ƙwaya mai tauri. Abin ya ƙaru. Wani dattijo da muke haɗuwa a filin ne ya tambaye ni ko na taɓa auna bindigar kanta, na ce a'a, ya yi dariya ya ci gaba da harbinsa.

Kafin mu shiga aiki, magana ɗaya. A nan Amurka ɗurin harsashi a gida don amfanin kai abu ne da doka ta yarda da shi ga wanda ya cancanci riƙe bindiga, ko da yake kowace jiha da nata ƙa'idojin. A Najeriya ba haka ba ne, dokar makamai ta hana mutum harhaɗa harsashi a gida, libarba ma tana cikin bindigogin da aka haramta sai da izini na musamman. Wannan bayani na mai zaune ne inda doka ta ba shi dama, mai kuma sayen kayansa a shagon da ke da lasisi. Zan yi misali da .38 Special, wani nau'in harsashin libarba, domin ita na fi ɗurawa, ita ce kuma yawancin masu koyo ke farawa da ita.

Abin da ke sa dalma ta kama

Ƙwayar harsashi a libarba tana ratsa ƙofofi uku. Idan ta bar kwanso, wato ƙoƙon tagullar da ke riƙe da ita da albarushi, sai ta bi ta ƙarshen ramin silinda (gangar nan mai juyawa da ake jera harsashi a ciki), wurin da ya ɗan tsuke, wanda zan riƙa kira maƙogwaro. Daga nan ta tsallake ɗan tazarar da ke tsakanin silinda da bututu ta faɗa mazurari, wato mashigar bututun. Sai bututun kansa, mai tsaga a murɗe, tudu da kwari. Abin da ake so shi ne ƙwaya ta cika maƙogwaro, maƙogwaro kuma ya yi daidai da faɗin kwarin bututu ko ya ɗan fi shi. Idan an samu haka, ƙwayar tana toshe hanya gaba ɗaya, hucin albarushi yana bayanta yana turawa. Idan kuwa ta yi siriri ko da kashi ɗaya cikin dubu na inci ne, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, hucin zai kurɗa ta gefenta da ƙarfi, ya yanko dalma, ya fesa ta a bangon bututu. Ƙwayar da ta biyo baya ta murje ta, ta bar nata a kai.

A nan laushi yake da amfani. Dalma mai laushi, idan matsi ya bugi gindinta, kumbura take yi ta cike ɗan gibin da ya rage. Mai tauri ba ta kumbura sai matsin ya yi yawa. Ana auna taurin da ma'aunin Brinell, ana rubuta shi BHN. Zallar dalma tana wajen 5. Kashi 20 na dalma da kashi 1 na kuza yana wajen 10. Haɗin da ake kira Lyman No. 2 yana 15, ƙwayoyin kasuwa da ake tallarsu da tauri kuwa sukan kai 16 zuwa 18. Masu ɗuri suna da wani lissafi na kirdado: ka ninka BHN da 1,422, abin da ya fito shi ne kusan matsin da zai sa ƙwayar ta kumbura. Mai BHN 18 tana bukatar wajen psi 25,600 (psi ma'aunin matsi ne). Iyakar matsin .38 Special na yau da kullum a ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka, kuwa psi 17,000 ne. Ka ga ke nan ƙwayar da na sayo don magance matsalata ba za ta taɓa kumbura a bindigata ba. Ana gardama a kan wannan lissafi, ni ma ba na rantsuwa da shi, amma ya isa ya nuna maka cewa a .38 Special abin da ya wuce 12 ba shi da wani amfani.

Kayan aiki

Injin ɗuri mai aiki ɗaya-ɗaya ya fi wa mai koyo, tare da dayi na .38 Special, wato guntayen ƙarfen nan masu rami da ake ɗaura wa injin, kowanne da aikinsa. Sai sikelin albarushi, da mazubinsa, da allon jera kwanso, da tocila, da gilashin kare ido. Sai littafin ɗuri na kamfani irin su Lyman ko Speer ko Hornady, ko bayanan da masu yin albarushi irin su Hodgdon da Alliant suke wallafawa. Ba a ɗuri ba tare da shi ba.

Na aunawa: maikuromita mai karanta kashi ɗaya cikin dubu goma na inci. Ma'aunin kalifa yana yi wajen tsawon kwanso, amma wajen kaurin ƙwaya yakan yi ƙaryar kashi ɗaya cikin dubu na inci, wanda zan riƙa kira dubu ɗaya, mu kuma a kan dubu ɗayan nan muke faɗa. Sai 'yan dunƙulen zallar dalma irin wadda masunta ke ɗaura wa ƙugiya, mai siffar ƙwai, wadda ta ɗan fi bakin bututu girma. Ka gwada da farce, idan bai yi mata zane ba ba zalla ba ce, kada ka sa ta a bindiga. Sai sandar tagulla da ta kusa cika bututun, da gudumar roba, da guduma mai cire ƙwaya daga kwanso.

Na wanki: sanda, buroshin tagulla, tsummoki, man wanke bindiga, da soson wanke tukunya na zallar jan ƙarfe.

Sai sabulu da ruwa, kuma ba wasa nake ba. Duk Bahaushen da ya ji labarin Bagega da Dareta da sauran ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan gubar dalma. Ba a ci ba a sha a teburin ɗuri, ba a barin yara su zo wurin, kayan da aka je fili da su ba a haɗa wankinsu da na iyali. Ƙurar da ke tashi daga injin goge kwanso ta fi ƙwayar da kake taɓawa haɗari, saboda firama, wato 'yar hular da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, tana barin dalma a cikinsa. Ni duk shekara nake sa likita ya duba jinina.

1. Wanke bututu tas

Ka buɗe silinda ka tabbatar babu harsashi, ka sake dubawa, ka fitar da duk harsashi daga ɗakin. Idan an taɓa harba ƙwaya mai rigar jan ƙarfe a bindigar, to akwai ragowar jan ƙarfe a manne a bututu, dalma kuma tana kama shi kamar ƙaya da riga. Ka yi amfani da man da ke narkar da jan ƙarfe har tsumma ya daina fitowa da shuɗi. Ramukan silinda ma haka, musamman idan bindigar .357 Magnum ce ana harba .38 Special a ciki, domin gajeren kwanso yana barin zoben dauɗa a gaba.

2. Auna bututu

Ka shafa wa bututun mai, ka shafa wa dunƙulen dalma. Ka buɗe silinda, ka cusa tsumma a cikin firam ɗin, wato jikin bindigar inda silinda ke zama, don ya tare abin da zai faɗo. Ka ɗora dunƙulen a bakin bindiga ka buga da gudumar roba har ya shige, abin da ya yi yawa zai yanke ya bar zobe a waje. Daga nan ka bi shi da sandar tagulla, bugu kaɗan-kaɗan. Kada ka yi da sandar ƙarfe, tana ɓata tsaga da leɓen bututu. Kada kuma ka yi da sandar katako. Na taɓa yi, ta tsage ta cushe a gefen dalmar, na kwashe yammaci guda ina fama.

Hannunka ya riƙa sauraro. Dalmar za ta riƙa tafiya da nauyi iri ɗaya. Idan ta zo daidai inda bututu ya shiga firam ka ji ta cije, to wurin ya tsuke, abin da kan faru idan an ɗaure bututu da ƙarfi a masana'anta. Irin wannan tsukewa tana matse ƙwaya tun a mashiga, sai ta yi sauran tafiyar tana sako-sako.

Ka auna wurin da ya fi faɗi a jikin dalmar da ta fito. Yawanci za ka samu kusan inci .357. Tsofaffin Colt sukan fi haka tsukewa. Akwai matsala ɗaya: yawancin libarbar Smith & Wesson kwari biyar gare su, don haka kowane kwari tudu ne yake kallonsa, maikuromita ba zai ba ka gaskiya ba. Kada ka damu. Ka ajiye dalmar, mataki na gaba zai ba ka amsar da kake bukata ba tare da lamba ba.

3. Auna maƙogwaro

Ka ɗauki dalmar nan da ta ratsa bututu, ka saka ta a kowane ramin silinda ta baya. Idan ta faɗo ta gaba da kanta, ko da ɗan turi na fensir, maƙogwaron ya kai faɗin bututu, alhamdu lillahi. Idan ta maƙale, maƙogwaron ya fi bututu tsukewa, kuma ka gano tushen ciwon. Duk irin ƙwayar da ka sa, maƙogwaro zai rage mata kauri kafin ta isa bututu.

Don sanin faɗin maƙogwaron kansa, masu hali suna amfani da sandunan awo na ƙarfe, waɗanda kowace ta fi 'yar'uwarta da dubu ɗaya ko rabinsa. Idan babu, ka tura wani dunƙulen dalma ta kowane rami ka auna shi, wannan kam zagayayye ne, maikuromita zai karanta daidai. Idan za ka buga, ka cire silindar ka ɗora ta a kan katako, kada ka buga tana rataye a hannunta, lanƙwashewa yake yi. Ka rubuta na kowane rami daban. Ba abin mamaki ba ne ka ga shida ɗin ba su yi daidai da juna ba.

Maƙogwaron da ya tsuke aikin maƙerin bindiga ne, yana da abin da yake faɗaɗa su duka su zo ɗaya, kuma ba aiki ne mai tsada ba. Kada ka ɗauki takardar yashi da injin huda ka ce za ka yi da kanka, abin da aka cire ba ya dawowa. Idan ba ka shirya kai ta ba tukuna, ƙwaya mai laushi mai rami a gindi takan rufa asiri, domin tana sake buɗewa bayan an matse ta.

4. Zaɓen ƙwaya

Kauri ne farko. Ƙwayar da ta dace ita ce wadda idan ka sa ta a maƙogwaro ba za ta faɗo da kanta ba, amma turin yatsa da fensir zai fitar da ita. A yawancin .38 Special wannan yana nufin .358, wasu bindigogin kuma sai .359. Ka auna goma daga cikin kwalin da ka sayo, a gindi, kada ka yarda da abin da aka rubuta a jiki. Idan ka rasa mai cika maƙogwaro, a ƙalla ta fi kwarin bututu da dubu ɗaya.

Sai siffa. Biyu na fi amfani da su. Ta farko mai nauyin giren 148 ce, kusan giram 9.6, mai shafaffen kai kamar gwangwani, da rami a gindi. Ita ce ta masu gasar harbin takarda, tana huda rami tsaf kamar an sa almakashi. Ana matsa ta ne daga dalma mai laushi ƙwarai, kuma ana tafiyar da ita a hankali, ƙafa 700 zuwa 750 a sakan. Gargaɗi a kanta: idan aka ƙara mata wuta, siket ɗin gindin yana iya yankewa ya tsaya a bututu, gaban ya fita ya huda takarda kamar ba abin da ya faru, na bayansa ya zo ya tarar da shinge. Kada ka taɓa ɗura ta da awon da aka rubuta don mai giren 148 marar rami. Ta biyu mai giren 158 ce mai kafaɗa, gindinta a shafe. Ita ce ta yau da kullum, tana jin daɗi a ƙafa 750 zuwa 850.

Ka lura da gindin. Wasu ƙwayoyin kasuwa ana ɗan fere musu gefen gindi don su yi saurin shiga kwanso a injin. A bindigar da maƙogwaronta ya yi faɗi, wannan ferewa hanya ce ga huci. Mai shafaffen gindi ta fi.

Tauri kuwa, tsakanin 8 da 12 ya ishe ka. Mutane suna mantawa cewa Elmer Keith, sanannen maharbi kuma marubuci a kan bindigogi a Amurka, wanda gwaje-gwajensa suka kai ga .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950, da haɗin dalma 16 da kuza 1 yake aiki, wanda bai wuce BHN 11 ba, kuma a lokacinsa wannan ake kira mai tauri.

5. Maiƙo

Ƙwayar kasuwa takan zo da wani maiƙo mai tauri, shuɗi ko ja, kamar kakin fensirin zane. An yi shi ne don ya jure tafiya a mota da zafin sito. A ƙaramin matsi sau da yawa ba ya narkewa, na sha tono ƙwaya a tudun bayan fili in tarar da maiƙonta cif a tsagarsa, bai yi aikin komai ba. Ita kuma mai laushin da aka matsa takan zo da ɗan busasshen shafi siriri, wanda wani lokaci yana ƙarewa kafin ƙarshen dogon bututu.

Maganin duka biyun ɗaya ne kuma mai arha. Ka zuba ƙwaya ɗari a robar da ba za a sake cin abinci a ciki ba, ka ɗiga Lee Liquid Alox kaɗan, ka jujjuya har kowace ta ɗan yi ruwan zuma-zuma, ka baje a takardar kaki su kwana. Kuskuren kowa shi ne yawaitawa. Idan sun yi launin ƙasa sosai suna danƙo, ya yi yawa, zai taru a cikin dayin zaunarwa yana ƙara tura ƙwaya ciki ba ka sani ba. Wanda yake zuba tasa ƙwayar da kansa kuwa, maiƙo mai laushi mai kakin zuma a ciki ya fi masa. Akwai kuma ƙwayoyi masu rufin fenti da aka gasa, waɗanda suka yaɗu a 'yan shekarun nan. Suna rage hayaƙi da kamun dalma sosai, amma ko su idan sun yi siriri, ko aka kankare fentin wajen zaunarwa, sai sun kama.

6. Shirya kwanso da buɗa bakinsa

Ka duba kowane kwanso, mai tsaga a baki ka jefar. Ka matse shi a dayin farko, wanda shi ne kuma ke fitar da tsohuwar firama. Tsawon kwanson .38 Special kada ya wuce inci 1.155, amma abin da ya fi damuna shi ne su zo ɗaya, don naɗin baki, wato lanƙwasa bakin kwanso ya kama ƙwaya, ya zo ɗaya. Ka sa sabuwar firama irin wadda littafi ya ce, da gilashi a idonka, ka shafa da yatsa ka ji ta ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso.

Yanzu wurin da yawancin mutane ke ɓata aikin da suka yi a matakai biyar na baya. Dayin buɗa baki da ke zuwa a yawancin saiti an yi shi ne don ƙwaya mai riga, mai .357, wadda ba ta jin matsi. Idan ka tura dalma mai BHN 8 cikin kwanson da aka buɗa don waccan, tagullar kwanson za ta matse ta. Ka sayi .358, ka auna, ka yi murna, amma abin da zai fita daga kwanson .356 ne. Abin da ake bukata shi ne abin buɗawa na ƙwayar dalma, mai ɗan kauri, mai shiga da zurfi har inda gindin ƙwaya zai tsaya. Irin na Lyman da ake kira M yana yin ɗan mataki a bakin kwanso, ƙwaya ta zauna a miƙe tun kafin a danna. Idan babu shi, ka ware kwanso masu siririn bango, ka kuma tabbatar da gwajin da ke mataki na 8.

Buɗin bakin ya kai yadda gindin ƙwaya zai shiga kamar kaurin farce biyu ba tare da ya karce ba. Idan ka ga ɗan zoben dalma siriri a bakin kwanso bayan zaunarwa, buɗin bai isa ba, kuma wannan zoben a mazurari zai ƙare.

7. Albarushi

Ba zan ba ka awo a nan ba, kuma kada ka karɓi awo daga bakin kowa a fili ko a intanet. Ka buɗe littafi, ka nemo ƙwaya mai nauyi da siffa irin taka, ta dalma, ka fara daga awon farawa. Masu saurin ci irin su Bullseye da W231 su ne aka saba da su a nan, Unique kuma idan ana son ɗan ƙarin gudu da mai giren 158. Saurin cin nasu yana da amfani, bugu ɗaya suke yi wa gindin ƙwaya ta kumbura tun tana maƙogwaro.

Haɗarin yana nan. An ƙirƙiro .38 Special ne a 1898 don baƙin albarushi mai cika wuri, saboda haka kwanson yana da zurfi, awon albarushin zamani kuwa ɗan kaɗan ne a can ƙasa. Kwanson zai ɗauki awo biyu, har uku, bai cika ba, kuma awo biyu yana fasa silinda. Tsarina bai canzawa: gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, kwanson da babu komai a kife yake a hagu, wanda aka zuba wa yana tsaye a allo a dama. Idan hamsin sun cika, sai in tashi tsaye in bi su layi-layi da tocila, in ga tsayin albarushin ya zo ɗaya. Kowane na goma ina mayar da shi sikeli. Idan aka kira ni a waya ko aka yi sallama, wanda ke hannuna sai in juye shi in sake. Wanda aka manta ba a zuba masa ba shi ma masifa ne, firama kaɗai tana iya tura ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu.

8. Zaunarwa da naɗe baki

Ka raba su aiki biyu. Idan dayi ɗaya yana danna ƙwaya yana kuma naɗe baki a lokaci guda, bakin yana rufewa ƙwayar tana kan tafiya, sai ya fere ta. Ka zaunar da duka hamsin, sannan ka dawo ka naɗe. Mai giren 148 ana nutsar da ita daidai da bakin kwanso ko yadda littafi ya nuna, mai giren 158 kuwa har tsagar naɗinta. Zurfin zama yana canza matsi, don haka ka bi tsawon da aka rubuta. Kan abin dannawar ma ya dace da kan ƙwayar, in ba haka ba zai lotsa dalma mai laushi ko ya shigar da ita a karkace.

Naɗin ya zama kaɗan, iyakar abin da zai hana ƙwaya zamewa gaba idan bindiga ta yi tsalle. A ƙaramin ɗuri irin wannan ba a bukatar a shaƙe ta. Ka yi hattara da dayin naɗi mai zoben ƙarfe a ƙasa wanda ke sake matse harsashin gaba ɗaya. Tagulla idan an matse ta tana ɗan dawowa, dalma ba ta dawowa.

Kafin ka ɗura da yawa, ka yi guda biyu na gwaji babu firama babu albarushi, ka bi da su duk matakan, ka cire ƙwayar da gudumar cirewa, ka auna gindinta. Idan ta shiga .358 ta fito .358, ci gaba. Idan ta ragu, ka koma mataki na 6, ko ka sassauta naɗi. Wannan gwajin na minti biyar shi ne ya warware mini matsalar da na yi wata uku ina ɗora wa albarushi laifinta.

9. Gwaji da karatun bututu

Ka ɗura 18 ko 24 kawai, ka tafi da tocila da littafin rubutu. Bayan kowane shida ka buɗe silinda, ka zazzage kwanso, ka sa farar takarda a bayan bututu ka leƙa. Idan wani harbi ya yi ƙara ƙasa-ƙasa ko bai yi tsalle ba, ka tsaya nan take, ka zura sanda ka tabbatar bututu a buɗe yake.

Inda dalmar ta kama shi ke gaya maka dalili. Idan a mazurari ne da incin farko, huci ne ke wucewa: ƙwaya ta yi siriri, ko ta yi tauri, ko maƙogwaro ko kwanso ya matse ta. Wannan shi ne kaso mafi yawa na abin da nake gani a bindigogin mutane. Idan farkon bututu fes yake amma kusa da baki ya kama, maiƙo ne ya ƙare a hanya, ka ƙara shafi. Idan dogayen zare ne suka bi gefen tudu tun daga farko har ƙarshe, gudun ya fi ƙarfin dalmar, tana zamewa a kan tsaga, sai ka rage wuta ko ka ɗan ƙara tauri. A nan ne kaɗai tauri yake magani. Idan gefe ɗaya na mazurari ne kawai, ko na kusa da kai yana jin ɓarɓashi a fuska, silinda ba ta tsayawa daidai da bututu, ka daina harbi ka kai wa maƙeri.

Alamar da ake nema ita ce ɗan tauraron maiƙo mai laushi a leɓen bakin bindiga, da bututun da tsumma ɗaya ke mayar da shi fes. Ɗan dushi-dushi toka-toka wanda ba ya ƙaruwa daga harbi na 20 zuwa na 100 ba matsala ba ne, kada ka bi shi da gyara. Idan za ka canza wani abu, ɗaya za ka canza, ka rubuta, ka wanke bututu kafin gwaji na gaba, don dalmar jiya tana jawo ta yau.

10. Cire wadda ta riga ta kama

Man wanki ba ya narkar da dalma, sai dai ya ɗan shiga ƙarƙashinta. Ka jiƙa bututu ka bar shi minti goma sha biyar. Ka yanko zare daga soson jan ƙarfe, irin su Chore Boy, ka naɗe a tsohon buroshi har ya shiga da ƙyar. Kafin nan ka kai maganaɗisu kusa da soson. Da yawa a kasuwa baƙin ƙarfe ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, idan ya manne ka mayar da shi kicin. Turi goma zuwa ashirin, za ka ga dalma tana zubowa kamar ɓawon kifi a kan takardar da ka shimfiɗa. Mazurari ya fi jin Lewis Lead Remover, mai 'yar ragar tagulla da ake jujjuyawa a wurin. Tunda ta baki ake shigar da sanda a libarba, ka sa mata abin kare leɓe.

Abubuwa biyu za a ba ka shawara a fili, kada ka yi. Na farko, a harba masu rigar jan ƙarfe su share dalmar. Idan kamun ya yi kauri matsi yana hawa, abin da ya rage kuma an goge shi ya daɗa mannewa. Na biyu, jiƙa bututu da haɗin ruwan tsami na binega da ruwan wanke ciwo mai kumfa. Yana cin dalmar, gaskiya ne, amma abin da yake bari ruwan guba ne mai ratsa fata, yana kuma iya cin ƙarfen da launin bindigar.

Idan bututu ya fita, ka bi shi da tsumma mai ɗan mai, sannan busasshe. Takardar da ɓarɓashin ya zuba a kai ka naɗe ta da tsummokin ka sa a leda ka ɗaure, ka goge teburin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, sannan ka wanke hannu har gwiwa kafin ka taɓa ƙofar cikin gida.